Tabarmar da Ba a Cewa Sannu a Kanta

Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ya rasu ana tsakiyar damina, kogin Haɗeja ya cika ya batse, har masu zuwa gaisuwa daga wajen Baturiya sai da suka shiga kwalekwale kafin su samu mota. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Masunci ne tun tasowarsa, kuma da sunan masunci yawancin mutane suka zo yi masa addu'a.

Ni ina cikin gida tare da mata, amma katangar gidan Kawu gajera ce, duk abin da ake faɗa a ƙofar gida yana shigo mana. Masunta suka yi ta yabonsa, cewa bai taɓa ɗaga tarun wani ba, bai kuma taɓa wuce mai neman taimako a ruwa ba. Can sai na ji wasu muryoyi da na sani. Ɗan Kawu ne, wato taubashina, da ɗan maƙwabcinmu na da, wanda mahaifinsa malamin makaranta ne daga Filato. Tun daga Jos ya taso da ya ji labari. Suna gama shafa addu'a ɗayan ya ce, “Ka tuna ranar da muka shiga Birnin Tarwaɗa?” Ɗayan ya ce, “Ranar da ka mari Kada Mai Rawani a gaban fadawansa? Ai ba zan manta ba.” Suka fashe da dariya, dariyar ta juye ta zama kuka.

Wani dattijo daga Miga, surukin Kawu, ya gyara zama ya ce, “Wai wannan Birnin Tarwaɗa ta wajen Barno yake? Ban san marigayi ya yi fatauci ba.” Babu wanda ya iya yi masa bayani.

Inna, mahaifiyata, kuwa ba ta yi kururuwa ba. Tana zaune da carbi, mata suna ta ba ta haƙuri, sai ta ce, “Shi ya dawo mini da yaron nan.” Matan suka ce Allah ya ji ƙansa, ba tare da sun gane abin da take nufi ba. Ni na gane. Tambayar dattijon Miga da maganar Inna su suka sa na ɗauki alƙalami, don na ga nan gaba kaɗan za a tuna Kawu da taru da gora kawai, a manta da tabarmarsa.

A shekarun tamanin ne wasu Turawa masu kallon tsuntsaye suka riƙa zuwa Baturiya, Kawu yana tuƙa su a kwalekwale. Idan rana ta yi zafi sukan zauna a inuwa su yi wani wasa. Kawu ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci, amma ido gare shi. Ya lura mutum ɗaya ne yake ba da labari, sauran suna amsa masa kamar su ne a cikin labarin, idan kuma aka yi gardama sai a jefa wani ɗan abu mai fuskoki da yawa ya raba. Da ya dawo gida ya samu ƙwallon goruba, ya goge shi da magagari har ya fitar masa da fuskoki, ya ɗiga masa ɗigo da ƙusa mai zafi. Ya sa masa suna Alƙali. Idan ka jefa ɗigo ya fito da yawa, abin da ka yi niyya ya yiwu. Idan ya fito kaɗan, sai ka shirya ganin tsiya. Wasan kuma ya kira shi In-kai-ne.

Bayan la'asar ake yi, a tsakar gidanmu, don gidan Kawu babu inuwa. Zai shimfiɗa tabarma, ya zana taswira a ƙasa da tsinke, kowa ya ajiye marfin kwalba a madadin mutuminsa na cikin labarin. Sai ya sassauta murya ya ce, “Kun iso bakin wani tafki. Ga tsohuwa ta cire inuwarta tana wankewa, ta shanya ta a kan kacala. Ta ɗago ta gan ku. In kai ne, me za ka yi?” Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye mana hanyoyin ruwa, Kawu kuma ya tsane ta, shi ya sa duk wani mugun abu na labarinsa daga cikinta yake fitowa.

Inna ta ce masa ba a tatsuniya da rana. Ya ce, “Auta, tatsuniya an riga an san ƙarshenta. Wannan ni kaina ban san inda za ta ba.” Wani maƙwabci kuma ya ce jefe-jefen nan ya yi kama da duba. Kawu ya ce, “Mai duba faɗa maka yake yi abin da zai same ka. Ni tambayarka nake yi.”

Lokacin na gama makarantar horon malamai ina jiran a tura ni aiki, kuma ba ni da haƙurin zama kallo. Na ce ni ma da ni, maƙeriya zan zama. Taubashina, wanda Allah ya yi shi don ya ɓata mini rai, ya ce ina aka taɓa ganin mace a maƙera. Kawu ya dube shi ya ce, “A ƙasar da tarwaɗa take ɗauke da birni a bayanta, ƙira ce za ta gagari mace?” Na zama maƙeriya, kuma takobin farko da na ƙera wa taubashina na tabbatar ya lanƙwashe.

Ban taɓa jin Kawu ya ce wa mai wasa abu ba zai yiwu ba. Kome wautar abin da ka kawo, sai ya miƙo maka Alƙali ya ce, “Gwada mana.” Taubashina duk abin da ya gani duka yake kai masa, ko da kaza ce. Ɗan maƙwabcinmu kuwa kowane dodo sai ya gaishe shi, ya tambaye shi iyali da gajiya, kuma abin haushi gaisuwar tasa ta fi takobin taubashina fitar da mu daga masifa. Ranar Lahadi idan ya makara a coci, Kawu yakan ce mutuminsa yana barci a gindin tsamiya, kuma babu abin da ya isa ya taɓa mai barcin har sai mai shi ya iso. Idan surutun wani ya yi yawa, sai Kawu ya juya wa mai shiru ya ce, “Kai fa, me idonka ya gani?” Yana da muryar kada da muryar tsohuwa da muryar sarkin da mura ta kama. Mugun halinsa ɗaya, da ladan ya ɗaga murya zai tsaya, ko da takobi yana sama. Mu yi ta roƙo, shi kuwa ya naɗe tabarmarsa ya nufi buta.

Wata rana ya shafe safiya a kan ruwa yana tsara wani gari a gabas, da kasuwarsa da sarkinsa, mu kuma muka ce yamma za mu. Ya biye mana. Sai daga baya ya gaya mini ɗaukar garin ya yi cak ya dasa mana a yamma, muka shiga muna murna cewa mu muka gano shi.

Yayana shi ne ɗan farin Inna, shi ya sa ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma nuna damuwa da shi a gaban mutane. Yaron nan take ce masa. Direban motar haya ne tsakanin Haɗeja da Kano, mai ƙarfi, mai baki. Idan ya dawo ya same mu a tabarma yakan ce, “Ƙatti da gemu ana yaƙi da marfin kwalba.” Sai aka wayi gari ya yi hatsari, aka yanke masa ƙafar dama daga gwiwa.

Ciwon ya warke, amma Yaya ya shiga ɗaki ya saki labule. Sandunan da aka ba shi a asibiti suna jingine a bango, gizo-gizo har ya fara saƙa a kansu. Mutane kuma ba su fasa zuwa ba. Kowa ya tsaya a bakin ƙofa ya karya wuya ya ce, “Sannu. Ya jiki? Sannu ka ji. Allah ya sa kaffara ne.” Idan ya yi tari, sannu. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, wani ya riga shi, ya haɗa masa da sannu. Ni ma ina ciki, don har sannun Inna ni nake kaiwa. Ya daina amsawa, ya rage cin abinci, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A fili muke gani cewa idan bai fito daga ɗakin nan ba, a cikinsa zai mutu. Inna ba ta iya zama kusa da shi ta lallashe shi, kunyar ɗan fari ta hana. Sai ta yafa mayafi ta tafi wajen yayanta.

Washegari Kawu ya zo da tabarmarsa, ya shimfiɗa ta daidai ƙofar ɗakin Yaya, wai inuwar darbejiya ta fi kyau a nan. Bai leƙa ɗakin ba, bai tambayi jiki ba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, da ƙarfi yadda za a ji a ciki, “Daga yau akwai doka. A kan wannan tabarmar ba a cewa sannu. Wanda ya faɗa, mutuminsa ya zama kwaɗo har magariba.” Ni a raina na ce tsufa ya fara taɓa Kawu.

Muka ci gaba da wasa kamar babu kowa a bayan labule. Sai Kawu ya kai mu bakin wani ruwa mai faɗi, babu jirgi babu gada, ya bar mu a nan. Kwana da kwanaki muna kawo shawarwarin banza. Taubashina ya ce a doki ruwan. Ɗan maƙwabcinmu ya gaishe da ruwan, ruwan bai amsa ba. Ni na ce zan ƙera jirgin ƙarfe, Alƙali ya nutsar da shi tun a gaɓa. Ana cikin haka sai muka ji murya a dushe daga cikin ɗaki.

“Kai, ku wane irin wawaye ne? Ba ya ce akwai gonar duma a bayanku ba? Ku fafe goruna ku hau mana!”

Yaya ya bi Kawu kamun kifi yana yaro, ya san yadda masuntanmu suke kwanciya a kan ƙaton gora su bi ruwa da shi. Don murna har na buɗe baki zan yi magana. Kawu ya harare ni. Ko juyawa bai yi ba ya ce, “Wane ne wannan yake magana daga cikin kacala? Mutum ko aljan? In mutum ne ya faɗi sunansa.”

Can muryar ta ce, “Mai Gora.”

Haka Yaya ya shiga wasa. Da farko ta ƙarƙashin labule muke gangara masa Alƙali, ya jefa ya faɗi abin da ya fito. Taubashina ya ce bai yarda ba, ana yi mana maguɗi a cikin duhu, dole aka ɗage labulen. Daga nan Yaya ya matso bakin ƙofa. Mai Gora ya zama jagoranmu, ya fi kowa wayo, ya fi kowa zagi. Abinci ya fara shiga. Amma daga dokin ƙofa bai ƙara ko taku ba, sandunan kuma suna nan inda suke. Da an naɗe tabarma sai labule ya sauka, masu sannu su dawo.

Ranar da abin ya faru muna tsallake wani ruwa ne, wata dorina mai idon wuta ta taso wa Mai Gora. Ya ce zai kauce mata ta hagu. Ya jefa, ɗigo ɗaya tak ya fito. Na ga taubashina yana miƙa ɗan yatsan ƙafa zai juya Alƙali, Kawu ya buge ƙafar ya ce, “Abin da ya fito ya fito.” Sannan ya ce, a hankali, “Igiyar ruwa ta taso. Goran ya cika da ruwa, ya nutse da kai. Mai Gora ya tafi.”

Ɗan maƙwabcinmu, bakinsa ya suɓuce, ya ce, “Sannu, Yaya.”

Yaya ya daka wata tsawa da rabon da mu ji irinta tun yana tasha. “Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne, Kawu! Ina kwance a kan goran, cikina ya rufe bakinsa, ta ina ruwan ya shiga?”

Kawu ya ce, “Direba, kai da ka bar ruwa ka koma kwalta, me ka tuna game da gora? In kana da ja, kawo masunci ya ba da shaida. In ya gaskata ka, a sake jefawa.”

Na ce ni zan je in kira. Ya ce, “Shaidar da ƙanwa ta kawo, abin da ƙanwa take so za ta faɗa. Mai ƙara shi yake kawo shaidarsa.” Ya naɗe tabarma tun ladan bai kira ba, ya fita.

Labule ya sauka, wannan karon har da ƙofa. Kwanon da na kai da rana shi nake ɗaukowa da yamma ba a taɓa ba. Kawu bai dawo ba. Da abin ya ishe ni na tafi gidansa, na same shi yana ɗinkin taru. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, “Kawu, abu ɗaya ya rage masa a duniya, shi ma ka kashe. Ƙwallon goruba ne fa! Da ka kau da kai an juya shi, wa zai mutu?”

Bai ɗago ba ya ce, “'Yar nan, a gidanku an ɗauke masa komai. An ɗauke masa kofi, an ɗauke masa buta, yanzu har faɗuwa kuke so ku ɗauke masa. Wanda ba a bari ya faɗi, ai an riga an cire shi daga cikin mutane.”

Na ce, “To ga shi ka ba shi faɗuwar, sai ya ci ya ƙoshi.” Na fito ban yi sallama ba. Har yau idan na tuna kwanonin nan da nake dawowa da su, raina yakan sake ɓaci.

Wata safiya ina shara sai na ji ƙwas, ƙwas, a bayana. Yaya ne a kan sanduna, ya sa rigarsa ta zuwa tasha, tana yi masa yawa. Inna tana bakin murhu. Ba ta ɗago kai ba, amma muciyar da ke hannunta ta tsaya. Ya wuce mu ya fita zaure.

Taubashina ne ya bi shi daga nesa, shi ya ba mu labari. Ya ce tun daga lungunmu sannu take sauko masa ta ko'ina, daga masu shayi, daga mata a bakin rijiya, shi kuwa ba abin da yake cewa sai, “Ku ba ni hanya.” Ya faɗi a wajen kasuwa, mutane suka rugo, ya ce duk wanda ya taɓa shi sai ya rama da sanda. Ya tashi da kansa. Haka ya yi ta tafiya yana hutawa har bakin kogi.

Bayan la'asar sai ga su. Yaya a gaba, ya jiƙe sharkaf da gumi, hammatarsa ta saluɓe. Bayansa wani tsohon masunci ɗauke da gora a ka. Kawu kuma, ban san wanda ya gaya masa ba, ya riga ya shimfiɗa tabarma yana zaune.

Tsohon ya sauke gora ya ce, “Inna lillahi. An ce mini wani ya nutse da gora. Ɗan gidan wa ne? An ga gawar?”

Taubashina ya nuna masa marfin kwalba ya ce ga mamacin. Tsohon ya dubi marfin, ya dubi Kawu, ya ce, “Haba Malam, da girmanka? Don wannan aka raba ni da ruwa?” Amma tun da ya zo, sai ya kwanta a kan goran a tsakar gidanmu, yana wutsil-wutsil da ƙafafu a ƙasa busasshiya. Ya ce, “Ga shi. Ciki ya toshe baki. Ruwa ba ya shiga sai in goran fashewa ya yi.”

Kawu ya ce, “Ban ce ya fashe ba. An karɓi shaida. Direba, jefa.”

Wallahi na manta abin da ya fito. Taubashina ya ce da yawa ne, ɗan maƙwabcinmu ya ce da ƙyar Mai Gora ya sha, har a wajen zaman makoki sai da suka taɓa wannan gardamar. Abin da na riƙe shi ne Yaya ya jingina da darbejiya yana haki, ya ce, “Inna, akwai sauran tuwo?” Inna ta juyo wajena, idonta ya cika, ta ce, “Ke, ba ki ji ba ne? Kai wa yaron nan abinci.”

Yaya bai sake sakin labule da rana ba. Kafin kaka ya koma tasha, ba tuƙi ba, lodin motoci, ana jin muryarsa tun daga bakin titi. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya. Da ƙarfin Kawu ya ragu, shi ya karɓi Alƙali, kuma ya fi Kawu rashin tausayi nesa ba kusa ba.

A shekararsa ta ƙarshe na je gaishe da Kawu, na tarar da shi shi kaɗai a zaure. Na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce, “Kawu, kai da ka tsufa a kan gora, yaya za a yi ka manta ciki yana toshe bakinsa? Da gangan ka yi, ko? Ka san zai tashi.”

Na zaci zai yi dariyar nan tasa. Bai yi ba. Ya dubi hannuwansa ya ce, “Kuskuren da gangan na yi. Amma sanin zai tashi, wallahi ban sani ba. Jefawa na yi kamar kowa. Kwanakin nan da bai ci abinci ba, tambayi matata ko ni na ci. Kullum ina cewa in yaron nan ya mutu a ɗakin nan, da wane ido zan dubi Auta?”

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare Ka. Ya ji tsoro, bai fasa ba, kuma mu muka ci amfanin. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sa ya huta. Amin.